Delaware: Jihar Da Hoto Ya Zama Bakin Yara

A wannan watan za mu leƙa gabashin Amurka, zuwa wata 'yar ƙaramar jiha mai suna Delaware. Cikin jihohi 50 na ƙasar, Rhode Island ce kawai ta fi ta ƙanƙanta. Gundumomi 3 ne da ita, babban birninta kuma Dover. Mutanenta suna tinƙaho da cewa su ne suka fara amincewa da tsarin mulkin Amurka a ranar 7 ga Disamba, 1787, shi ya sa ake mata kirari da Jiha ta Farko. Kudancinta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin masara da gidajen kiwon kaji, sai bakin teku.

Matafiyin da ya hau jirgin ƙasa daga Washinton zuwa Filadelfiya zai ratsa ta Wilmington, birni mafi girma a jihar. Kimanin kilomita 20 daga nan akwai garin Newark, garin ɗalibai, domin a nan Jami'ar Delaware take. A nan kuma makarantar Brennen take, wadda ke cikin shirin da jihar ta kafa domin yara masu larurar galahanga, wato abin da likitoci ke kira otizim. Wannan shirin shi ne dalilin ziyararmu.

Uwargida, da yawa daga cikin waɗannan yara ba sa magana, ko kuma maganar tana zuwa musu a makare. Yaro yana jin ƙishirwa, ba shi da hanyar faɗa, sai kuka da birgima da buga kai, jama'a kuma su ce taurin kai ne. A shekarar 1985, mutum biyu da ke aiki a shirin na Delaware, Dokta Andy Bondy masanin halayyar yara, da Lori Frost ƙwararriya kan gyaran magana, suka fito da dabarar musayar hoto da aka sani da PECS. Sun lura cewa idan aka tsaya kan tilasta wa yaro maimaita kalma, kullum jira yake a tambaye shi. Abin da suke so shi ne yaron da kansa ya fara neman abin da yake so.

Matakai 6 ne. A na farko manya biyu ake bukata: ɗaya a gaban yaro riƙe da abin da ransa ke so, ɗaya a bayansa yana kama hannunsa ba tare da cewa uffan ba, har ya ɗauki hoton abin ya miƙa. Nan take a faɗi sunan abin a ba shi. A na biyu yaro ya koyi tashi ya ɗauko hoton ya bi mutum har inda yake. Na uku zaɓe ne tsakanin hotuna. A na huɗu yana haɗa jimla a kan ɗan allo, katin "ina son" tare da hoton abin. Na biyar amsa tambayar "me kake so?", na shida kuwa faɗin abin da ya gani ko ya ji. Hotunan suna manne cikin wani ɗan littafi da ke bin yaro aji, wurin cin abinci da gida, domin kuwa bakinsa ke nan, ba a barinsa a aljihun tebur.

Tsoron kowace uwa shi ne kada hoto ya sangartar da yaro ya ƙi magana. Wani nazari da masana suka wallafa a 2006, bayan sun tattara binciken da aka yi kan irin waɗannan dabaru, ya nuna ba sa daƙile magana, hasali ma yawancin yaran sun ɗan ƙara furuci. Amma ba alkawari ba ne cewa kowane yaro zai yi magana da baki. Wani hoton ne zai zame masa harshe, wani alamar hannu, wani kuma na'ura mai furta kalma idan an taɓa ta.

Daga Delaware dabarar ta bazu ƙasashe da dama, kuma kayan aikinta ba su fi ƙarfin talaka ba: kwali, almakashi da hoton abin da yaro ya saba gani, kofinsa, shayinsa, ƙwallonsa. Sharaɗin dai a fara da abin da yake matuƙar so, a ba shi da zarar ya miƙa hoton, maigida da yayye su ma su riƙa amsa masa. A kuma kai shi asibiti a auna jinsa, a nemi shawarar masu gyaran magana.

Yaron da bai furta kalma ba yana da abin faɗa a cikinsa, kuma amana ce a hannunmu mu buɗe masa ƙofa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, amin.