Rufin Kwano Da Kuɗin Gawayi

Mu Hausawan Malanvil, kamar maƙwabtanmu Dandawa da Fulani, azaba biyu muke sha kowace shekara, kuma duka a cikin ɗaki. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa ta kan kogin Kwara, da asuba sai ka tarar da tsoho ya dunƙule cikin bargo yana jiran rana ta fito. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, har mutum ya gwammace ya kwana a tsakar gida sauro ya yi ta cizonsa. In an bi diddigi, rufin kwano ne ke ƙara mana duka biyun, domin da rana yana ɗaukar zafi kamar kaskon tuya, da dare kuma ya sake shi nan take.

Soron kakanninmu ba haka yake ba. Bango mai kauri na tubali, azarar giginya, sannan ƙasa a bisa. Ita ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin sakinsa, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗumi da tsakar dare. To amma ba don wauta muka bar shi ba. Azara ta yi tsada, yaɓe yana neman hannu kafin kowace damina, kuma wanda ya ga yadda ambaliyar 2010 ta narkar da ɗakunan ƙasa ba zai zargi mai sayen siminti ba. Sai kuma ɗan abin da ba mu cika faɗa ba, wato iyayen amarya sun fi son su ga kwano yana ƙyalli.

Abin da kwano ya rage mana wajen gini, gawayi da itace suna karɓewa kullum. Uwargida ta gama tuwo a murhun duwatsu uku, ta kwashi garwashi a kasko ta kai ɗaki, a rufe ƙofa da taga saboda jariri. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana iya kashe mai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, galibi a gidaje irin namu.

A Faransa, a 2020, gwamnati ta fito da tallafin MaPrimeRénov', tana biyan wani kaso na kuɗin toshe rufi da bango da sauya abin ɗumama gida, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun kaso babba. Wani zai ce ina ruwanmu da sanyin Turai. Hikimar dai ita ce a taimaki gida sau ɗaya, maimakon a bar mai shi yana ƙona kuɗinsa kowace rana.

Mu ma nan kusa an taɓa. Ƙungiyar Voûte Nubienne, wadda wani magini Bafaranshe da wani manomin Burkina Faso suka kafa a 2000, tana koyar da ginin ɗaki mai rufin baka na tubalin ƙasa, babu azara babu kwano. Ta yi aiki a yankin Jugu, har da rage wa manoma wani ɓangare na kuɗin gini. Akwai murhun Anfani mai tsimin itace da gawayi, wanda Jamusawa suka taimaka aka yaɗa a Benin. A tsallaken kogi kuma, bayan buɗe matatar mai ta Zinder a 2011, gwamnatin Nijar ta sauke farashin gas don a rage saran itatuwa.

Sai dai duk wannan, ban da murhu, mai gida yake nema. Mu kuwa a zango da yawanmu 'yan haya ne: 'yan dako, masu sayar da albasa a kasuwa, mahauta, malaman allo. Mai gida ba zai sa rufin ciki ba tunda ba shi ke kwana a ɗakin ba, ɗan haya kuma ba zai kashe kuɗi a ɗakin da za a iya tashinsa gobe ba. Nan maganar ta tsaya, kuma nan ya kamata duk wani tallafi ya soma.

Rufin ciki na zana ko tabarma, da ɗan fili tsakaninsa da kwano, yana rage zafi da sanyi ƙwarai, kuma ba ya cin kuɗi kamar sabon gini. Muna roƙon sarkin zango da dattawanmu su zauna da masu gidaje kafin Disamba, a shirya cewa ɗan hayar da ya yi wannan aiki a cire masa kuɗin daga haya wata-wata, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu. Murhu kuwa, mata masu adashi za su iya sa shi cikin kwasar wannan zagaye.