Jamusanci a Kunnen Bahaushe

Tambayar da abokan karatuna suka fi yi mini, tun da suka ji na ɗauki koyon Jamusanci, ita ce: me ya haɗa kifi da kaska? A ganinsu, ɗalibin Hausa in har zai nemi wani harshe, to Larabci ya kamace shi, don shi ya ba Hausa ɗimbin kalmomi da rubutun ajami, ko kuwa Faransanci, saboda 'yan'uwanmu na Nijar. Tambaya ce mai ma'ana, kuma neman amsarta ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake son nunawa shi ne, Bahaushe yana da ƙofar shiga Jamusanci daga cikin gidansu, ba lalle sai ya zaga ta Ingilishi ba, kuma akwai kayanmu ajiye a cikin wannan harshe waɗanda suka isa a sha wahala dominsu.

Bari mu fara da kayan namu. Duk wanda ya zauna a ajin tarihin nazarin Hausa ya ji sunayen Jamusawa har ya gaji. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma rubuta labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar. J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, haifaffen Jamus ne, ko da yake da Ingilishi ya yi aikinsa. Rudolf Prietze ya buga karin magana da waƙoƙin Hausa a 1904. Adam Mischlich ya fito da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma yi aiki da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Karachi, wadda a lokacin tana hannun Jamus, yau kuwa tana cikin Gana. A kusa-kusan nan ma, Ekkehard Wolff ya wallafa babban nahawun Hausa da Jamusanci a 1993. Mukan haddace waɗannan sunaye da shekarunsu don jarrabawa, amma mu nawa ne muka taɓa karanta shafi ɗaya na abin da aka rubuta da Jamusancin? Muna ambaton su ne ta bakin wasu. Maganar kakanninmu ce aka ɗauka aka yi wa sharhi, sharhin kuwa yana nan kulle, mabuɗin yana hannun baƙo. Wannan shi ya tsaya mini a rai har na shiga neman mabuɗin.

Nahawu shi ne dodon da akan fara razana mai koyo da shi, farkon abin razanar kuwa shi ne jinsi. Littattafan koyo da suka zo hannuna duk don masu jin Ingilishi aka rubuta su, saboda haka sukan ɓata shafuka suna lallashin mai karatu ya yarda cewa tebur na iya zama namiji, ƙofa kuma mace. Bahaushe ba ya bukatar wannan lallashi, don tun yana goye ya san rana mace ce, wata namiji ne. Abin sha'awa, haka suke a Jamusanci: die Sonne, der Mond. Inda aka sha bamban shi ne, Jamusanci yana da jinsi na uku, wanda ba namiji ba kuma ba mace ba, alamarsa das. Cikinsa har da kalmar yarinya, wato das Mädchen, saboda duk sunan da ya ƙare da ɗafin -chen can yake faɗawa. Bugu da ƙari, ba su da sassauƙar ƙa'ida irin tamu, inda yawancin sunaye mata ke ƙarewa da wasalin a. Dole a haddace kowane suna tare da 'yar kalmar da ke rakiyarsa.

Haka zancen jam'i yake. Mai Ingilishi ya saba da ƙara harafi ɗaya a ƙarshen suna, don haka yakan ruɗe in ya ga Buch ya koma Bücher, Frau ta koma Frauen, Tisch ya koma Tische, Lehrer kuwa bai motsa ba. To, wanda ya taso yana cewa gida gidaje, doki dawaki, kare karnuka, littafi littattafai, ina abin da zai ba shi tsoro a nan? Tsawon wasali ma ba baƙo ba ne gare mu. Kunnen da ke rarrabe garin da ake zaune ciki da garin da ake tuƙa tuwo ba zai kasa rarrabe Stadt, wato birni, da Staat, wato ƙasa ko hukuma ba.

Wurin da na fi jin daɗi shi ne wajen 'yan kalmomin nan biyu, hin da her. Ta farko tana nuna aiki ya nufi can, ta biyu tana nuna ya nufo nan. Malamin da ke koya mana ya daɗe yana zane a allo don bayyana bambancin hinaus da heraus, ni kuwa abin da na rubuta a gefen littafina kawai shi ne: fita da fito. Hinein da herein kuma, shiga da shigo. Ashe aikin da giredi na shida yake yi a aikatau na Hausa, shi Jamusanci ya damƙa wa waɗannan kalmomi.

Kada a ɗauka ko'ina shimfiɗa ce. Akwai wurare biyu da sai an zage damtse. Na farko, 'yar kalmar da ke rakiyar suna tana sauya kama gwargwadon aikin sunan a cikin jimla, kuma matsayin guda huɗu ne. A Hausa, in an ce kare ya ciji mutum, wurin zaman kalma ne ke nuna aikau da karɓau. A Jamusanci, der Hund kare ne mai cizo, den Hund kare ne da aka ciza, ko a ina aka ajiye shi cikin jimla. Wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan a li'irabin Larabci. Mu ma muna da namu sauyin, sai dai a jikin aikatau yake: ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. Na biyu shi ne mazaunin aikatau. A jimla mai cin gashin kanta, wuri na biyu yake zama, amma in jimla ta rataya ga wata, sai ya koma can ƙarshe. Bajamushe zai ce Ich weiß, dass er morgen nach Kano fahren will, wato na san yana so ya tafi Kano gobe, amma a jerin kalmominsa gobe da Kano sun riga tafiya da so fitowa. Saboda haka mai sauraro ba shi da damar katse mai magana, don cibiyar zancen tana wutsiya. Wannan ya koya mini haƙurin sauraro fiye da kowace nasiha.

Game da kalmomi, abin da ke karya zuciyar mai koyo shi ne tsawonsu. Amma in aka dube su da idon basira, harɗaɗɗun sunaye ne irin namu, an dai rubuta su a haɗe, an kuma juya su. Mu mukan fara da uwar kalma, sannan mu kawo mai bayaninta: gidan waya, jirgin sama. Su kuwa uwar ce ke zuwa ƙarshe. Krankenhaus gidan marasa lafiya ne, wato asibiti; Handschuh takalmin hannu, abin da mu muke kira safar hannu. Tun da na gane haka, sai na riƙa karanta doguwar kalma daga ƙeya zuwa goshi, ta warware da kanta. Ƙidaya ma a juye take: einundzwanzig ɗaya da ashirin ke nan, kamar a Larabci. Agogo kuwa tarko ne babba, don halb drei ba ƙarfe uku da rabi ba ne, biyu da rabi ne, wato saura rabin sa'a uku ta cika.

Sai dai nahawu da ƙamus, ko an haɗiye su, ba sa sa mutum ya yi magana kamar ɗan gari. Akwai 'yan ƙananan kalmomi a Jamusanci, irin su doch, mal, ja da halt, waɗanda ƙamus kan yi ta kewaye-kewaye bai kama ma'anarsu ba. Su ne takwarorin fa, dai, kam da mana. Komm umarni ne tsagwaro, zo. Komm mal ya yi laushi, kamar a ce ɗan zo. Komm doch kuwa akwai naci a ciki, zo mana. Kamar yadda ba a koyon dai da kam a aji, haka waɗannan ma sai a bakin masu su. Da ɗan gari akan ci gari, kuma tun da ban taɓa taka ƙasar Jamus ba, 'yan garin da na samu su ne rediyo da ƙwallo da fim.

Rediyo na fara bi. Muryar Jamus, wadda ta buɗe sashen Hausa tun 1963, ita ce ta fara sanar da yawancinmu sunayen biranen ƙasar. Gidan yana da darussan Jamusanci a intanet, har da labaran duniya da ake karantawa sannu-sannu don masu koyo. Dabarata ita ce in saurari labarai da Hausa tukuna, sannan in bi na Jamusanci, in riƙa tsintar abin da na riga na sani. Daga nan sai ƙwallo. Gasar Bundesliga, wadda ita ma a 1963 aka fara ta, makaranta ce mai zaman kanta, domin ido yana ganin abin da baki ke faɗa. A nan na koyi Abseits, satar gida, da Elfmeter, mita 11, wato bugun daga kai sai mai tsaron gida, da Tor, wadda ke nufin cin ƙwallo, ke kuma nufin babbar ƙofa irin ta ganuwa.

Fim shi ya nuna mini mutanen. A shirin 'yan sanda mai suna Tatort, wanda ake nunawa tun 1970, labarin yakan koma daga wannan birni zuwa wancan, don haka mai kallo yana jin kare-karen harshen: mutumin arewa ya gaishe ka da Moin, na Bavariya ya ce Grüß Gott. Nan na gane cewa Jamusancin littafi tamkar Daidaitacciyar Hausa ne, kowa ya san shi, amma kowa da nasa a gida. Nan kuma na ga nauyin du da Sie. Du ta aboki ce da yaro da ɗan gida, Sie ta girmamawa ce, kamar yadda muke ce wa babba ku. Littafi yana ba da ƙa'idar cikin layi biyu, amma sai da na ga fuskar wanda aka ce wa du ba da izininsa ba, sannan na san girman abin. Fim ɗin Good Bye, Lenin! na 2003 kuwa ya nuna mini yadda rabuwar ƙasar gida biyu, kafin faɗuwar katangar Berlin a 1989, ta bar tabo har a sunayen kayan abinci.

Yanzu, bayan shekara biyu, ina iya bin shafi na ƙamus ɗin Mischlich, ina tafe ina dogara sanda. Abin da na ƙaru da shi bai tsaya ga Jamusanci ba. Ban taɓa tsayawa na yi mamakin fita da fito ba sai da na ga wani harshe yana ɗauko kalma ta daban don yin abin da mu muke yi da wasali ɗaya.

Saboda haka ina da roƙo ga malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai. Ya kamata a samu wasu daga cikinmu, ko da biyu ne a kowane aji, su koyi Jamusanci gwargwadon iya karatu, don a fassaro mana abin da aka rubuta game da mu, mu auna shi da ma'auninmu, mu karɓi na karɓa, mu gyara na gyarawa. Ya kuma kamata a yi tunanin rubuta littafin koyon Jamusanci da Hausa kai tsaye, wanda zai fara daga abin da Bahaushe ya riga ya sani. Aiki ne mai nisa, amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya sa mu dace.