Ranar da na raka jikata sayen bindiga

Jama'a, na san mai karanta wannan kan magana zai ce ko Alhaji ya fara ruɗewar tsufa. To ku yi haƙuri ku ji yadda abin ya kasance.

A damunar 2025 na je Amurka wajen babban yarona, wanda ke aiki a garin Kolombos na jihar Ohayo. Kwana biyu da saukata, muna cin tuwon dare, sai 'yarsa mai shekara 11, wadda nake tsokana da amaryata, ta ce, "Kaka, ranar Asabar za ka raka ni harbi?" Na ɗauka wasan kwamfuta take nufi. Uban ya ce, "A'a Baba, harbi na gaske. Tana cikin wata ƙungiyar yara da ake kira 4-H, ana koya musu saiti da ƙaramar bindiga."

Wallahi lomar da ke hannuna ban san lokacin da na mayar da ita kwano ba. Ni mutumin Sabo ne, shekarata 40 da ɗoriya a Ibadan. Na ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Watanni kaɗan kafin tafiyata, a Maris na 2025, aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da ta ɗauko su. A wurinmu, Bahaushe da bindiga a ƙasar da ba tasa ba, sunansa abin zargi. Na ce da shi, "Kai yanzu duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka saka 'ya mace sai wannan?"

Bai yi musu da ni ba. Shi da kansa ya ƙara mini da cewa tun daga 2020 alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar ke nuna harbin bindiga ya fi haɗarin mota cin rayukan yara da matasa. Ya ce, "Baba, abin da ya sa ke nan. Gidajen ƙawayenta da yawa akwai bindiga. Gara ta san mene ne ita a hannun malami, da ta tsince ta a ɗakin wani ta ɗauka abin wasa ce." Ban gamsu ba, amma na ce gani ya kori ji.

Ranar Asabar muka je. Yara goma sha wani abu, kowa da tabarau da abin toshe kunne. Malaminsu wani dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Kafin a taɓa komai sai da suka maimaita ƙa'idoji: kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi, bakinta kada ya kalli mutum, yatsa kada ya hau kunama sai an shirya harbi, kuma ka san abin da ke bayan abin da ka saita. Wani yaro ya juyo zai yi wa abokinsa magana, bakin bindigar ya ɗan biyo shi. Nan take aka karɓe, ya zauna a benci har aka tashi. Ba zagi, ba duka, kuma ba roƙo.

A nan na fahimci irin bindigar. Harsashinta ƙarami ne, bai kai kaurin fensir ba, sunansa .22 LR, kuma tun 1887 ake yin sa. Sinadarin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen gindin kwanson ne, allurar bindiga gefen take duka, ba tsakiya ba kamar manyan harsasai. Shi ya sa yake da araha, ƙararsa kaɗan, kuma bindigar ba ta dukan kafaɗa, yaro ba ya tsorata ya runtse ido. Da irinsa ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik. Amma malamin ya nuna mini gargaɗin da ke jikin kwalin: yana iya tafiya fiye da kilomita 2, kuma yana kisa.

Bindigogin ƙungiyar aro ne, hannu da yawa, don haka malamin ya ba uban shawarar ya saya mata tata. Na ce in dai saye ne, ba a barin ɗan kasuwa a gida.

A shagon aka jera mana guda huɗu. Ta farko Savage Rascal, 'yar mitsitsiya mai cin harsashi ɗaya, ita ce mafi araha, amma ta yi mata kaɗan, shekara guda za ta wuce ta. Ta biyu Ruger 10/22, wadda ake ƙerawa tun 1964, mai ɗaukar harsashi 10 tana ɗana kanta bayan kowane harbi. Idon yarinya ya tsaya a kanta. Sai dai malamin ya riga ya ja kunnenmu cewa mai koyo ya fara da wadda ake ɗanawa da hannu, don kowane harbi sai ya tsaya ya yi tunani, kuma in aka buɗe ta kowa na ganin babu komai a ciki. Ta uku CZ 457 Scout, ƙirar ƙasar Cek, kyakkyawa, amma kuɗinta ya kusa ninka abin da muka ware. Muka tsaya a kan ta huɗu, Savage Mark II ta yara, mai ɗanawa da hannu.

Abin da ya fi suna muhimmanci ashe shi ne tsawon ƙota. Ta manya daga kunama zuwa gindi takan haura inci 13, ta yara kuwa wajen inci 12 ko ƙasa. In ta yi wa yaro tsawo sai ya riƙa gantsarewa baya, saiti ya lalace. Aka sa ta ɗora a kafaɗa, kumatunta ya kwanta daidai, yatsa ya isa ba tare da miƙa ba. Uban ya cika takardar gwamnati mai lamba 4473, aka bincika sunansa a na'urar hukumar FBI, sannan aka miƙo. Da sunansa aka saya, don shago ba ya sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ni baƙo mai bizar ziyara, hannuna na aljihu.

Inda na yi ɓarna shi ne wajen madubin saiti. Malamin ya ce ƙarami mai kusanto da abu sau 4 ya wadatar. Ni kuwa na hango wani ƙato mai lambobi birjik, kuma ya fi araha. Na ce, "Babba kuma da sauƙi, me ake jira?" Na biya da kuɗina don in burge amarya.

Mako biyu ana lafiya. A na uku harsasanta suka fara watsewa, yau hagu, gobe sama. Ta dawo gida ta shige ɗaki, na ji tana kuka. Ta ce wa uwarta ita ce ba ta iya ba, ba za ta koma ba. Da malamin ya gwada da hannunsa, shi ma haka ta yi masa. Madubin ba ya riƙe saiti, ga nauyi, ga shi an daidaita shi don nisan yadi 100, alhali su a yadi 50 ko ƙasa suke harbi. In ido ya ɗan gusa, alamar da ke ciki sai ta gusa daga kan abin da aka saita. Na wannan ƙaramar bindiga daban ake yin sa, an daidaita shi a yadi 50. Araha ba ta ado, ni da nake faɗa wa mutane haka a kasuwa.

Na shiga ɗakinta na ce, "Amarya, laifin mijinki ne, ba naki ba." Ta share hawaye ta ce, "To Kaka, sai ka biya tara." Na biya, muka sayo ƙaramin da aka ce tun farko. Ranar ƙarshe da na raka ta, harbi biyar ta tara a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe.

A gida kuwa bindigar na cikin akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban, kuma ita ba ta san lambar buɗewa ba. Wannan ya tuna mini gidajen da na sani a nan, inda tsohuwar bindigar toka ta gado ke jingine bayan ƙyaure, yara na shiga da fita. Mai irin wannan, don Allah ya duba.

Matasanmu kuma, kada wani ya karanta ya ce Alhaji ya halatta. Can daban, nan daban. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar kowa ya riƙe bindiga babu lasisi ba, kuma kun fi ni sanin yadda ake kallonmu a kan hanya.

Da zan taho, ta kawo mini tsaraba: takardar da ta harba da kwanson harsashi guda, fanko. Na karɓi takardar, na mayar mata da kwanson. Ta ce, "Kaka, ai babu komai a ciki." Na ce, "Na sani. Amma daga filin jirgin Ikko zuwa Sabo shingaye nawa ne, kuma hular da ke kaina kowa ya san ta ina ce." Ba ta gane ba, ni kuma ban yi mata bayani ba. Takardar tana nan manne a shagona, duk wanda ya biyo sai ya gani.

Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.