«Mahaifa ta fito»

Ranar 5 ga watan Mayu ce ranar ungozoma ta duniya, kuma a Maraɗi takan faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da kujerar ƙarfe ke ƙona mai zama tun kafin hantsi. A shekarar da ake magana an haɗa bikin da yinin ƙara wa juna sani na ungozomomin asibiti, waɗanda aka gayyato daga cikin gari da kuma ƙananan likitocin karkara. A farfajiyar zauren taron aka kafa rumfunan baje koli guda bakwai. Masu sayar da magani suka kama na bakin ƙofa. Mai tallar na'urar awon jini ya samu ta tsakiya. Ta ƙarshe, wadda ke jingine da randunan ruwan sha, ita aka bar wa wata ɗalibar ilimin harshe mai shirya kundin digiri na biyu.

Hajarta ba ta da yawa: ɗan littafi ne mai shafi goma sha biyu, kalmomi 140 na ciki da haihuwa da jego, Faransanci a hagu, Hausa a dama. Ita da abokan karatunta uku suka share wata huɗu a kansa. Sun bi ƙamus ɗin Bargery na 1934, sun bi Ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini, sun kiyaye ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999, har suka yi gardamar dare guda a kan ƙugiyar harafi ɗaya. Da karo-karo suka buga kwafi ɗari. Ta jera su bisa tebur kamar kayan ɗakin amarya, ta tsaya a baya tana jiran masu tambaya.

Har sha ɗaya na safe babu wadda ta tambaye ta kome. Mata suna zuwa shan ruwa, su ɗauki littafin don kyauta ne, su yi fifita da shi, su wuce rumfar da ake raba alƙaluma. Ɗalibar tana ƙirga kwafin da suka ragu, tana lissafa hakan cikin nasara.

Da aka fito hutu sai wata dattijuwa ta tsaya. Farar rigar aikinta ta sha wanki har wuyan ya lauye, tabaranta kuwa ɗaure yake da zare a gefe guda. Ta buɗe littafin daga tsakiya, ta bi layi da yatsa, ta juya shafi uku, ta koma baya, sannan ta ɗago kai.

«Ɗiyata, wa ya rubuta wannan?»

«Mu ne, Inna.»

«To duba nan. Utérus, kun ce mahaifa. Ga placenta kuma, kun ce mahaifa. Wace ce wace?»

Ɗalibar ta ji daɗin tambayar, domin a nan ne take da abin faɗa. Ta bayyana cewa kalmar sunan wuri ce: ɗafa-goshin ma- a gaban saiwar haif-, da doguwar -a a ƙarshe, ƙira ɗaya da makaranta da majema da maƙera. Asalin ma'anarta «inda ake haihuwa», shi ya sa ake kiran garin da aka haifi mutum mahaifarsa, ake kiran inda ɗa ke kwance a ciki mahaifa, daga nan ma'anar ta miƙe zuwa abin da ke biyo jariri. Ƙamus ya amince da duka. Ta ƙara da abin da aka koya mata tun shekarar farko, cewa kalma mai ma'ana da yawa ba aibi ba ce, muhallin magana ne ke rarrabewa.

Dattijuwar ta saurara har ƙarshe, ta janyo kujerar ɗalibar ta zauna. Ta ce shekarun baya tana aiki ita kaɗai a wata likitar ƙauye, wani dare aka kira ta a waya daga wani gari mai nisan tafiyar awa biyu a amalanke. Ungozomar gargajiya ce a kan layi. Ta ce yarinya ta sauka lafiya, mahaifa ta fito, sai dai jini bai tsaya ba. Ga kunnen mai aikin haihuwa, «mahaifa ta fito» albishir ne, domin abin tsoro shi ne ta maƙale: idan aka haura rabin awa ba ta faɗo ba, an shiga hatsari. Don haka ta ce a murza marar mai jegon, a sa jariri a nono, in jinin ya ƙi tsayawa a kawo ta. Sai da asuba suka iso. Abin da ya fito kuwa ainihin mahaifar ce. An ja cibiya da ƙarfi tun mabiyiya ba ta saki ba, mahaifar ta juye ta biyo ta waje.

«Ta rayu,» in ji dattijuwar, «amma ba da dabarata ba. A birni aka yi mata aiki, aka cire mahaifar. Shekararta goma sha tara, haihuwar fari. Tun ran nan, duk wadda ta ce mini mahaifa ta fito, sai in ce: wacce? Wadda ake biznewa?»

Babu wata ƙa'idar ilimin ma'ana da wannan labari ya rushe. Gaskiya ne muhalli ke rarrabewa, sai dai muhallin da littattafai ke nufi na mutum biyu ne masu kallon abu ɗaya da rana. A waya, cikin dare, da layi mai yankewa, jimlar ce kaɗai ta iso, kuma ta dace da ma'anonin biyu daidai wa daida. Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa mafita ba. Tana da mabiyiya, wato mai biyowa, wasu su ce mabiya, wasu su sakaya su ce uwar tafiya. Ɗaliban sun ga mabiyiya a ƙamus, sun ajiye ta gefe domin a ganinsu mahaifa ta fi yaɗuwa. Sun yi zaɓe irin na mai ƙirga yawan amfani, a wurin da ake bukatar kalmar da ba za a iya ji da wata ma'ana ba.

Kafin ɗalibar ta farfaɗo, dattijuwar ta sake tambaya: «Ina zaƙi?»

Babu zaƙi a littafin, kuma ba zai yiwu a same shi ba, tunda an faro jerin ne daga Faransanci, Faransanci kuwa ba shi da gurbin da za a rataya shi. A wurin mata da yawa na ƙasar Hausa, zaƙi wani abu ne da ke taruwa a jikin mai ciki saboda cin kayan zaƙi, yana tare hanya, yana tsawaita naƙuda, sai ya fita kafin ɗa ya fito. Har magani ake sha don a fitar da shi. Saboda haka idan ruwa ya fara tsiyaya wa mace a watan haihuwarta, ba lalle ta ce faya ta fashe ba (ko hwaya ta hwashe, kamar yadda bakin Maraɗi ke faɗa). Cewa za ta yi zaƙi ne ke fita, kuma da murna za ta faɗe shi. Ungozomar asibiti kuwa ta san cewa muddin ruwan faya ne, ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta, kuma kowace awa da ta wuce ba tare da naƙuda ba ƙarin hatsari ce ga uwa da ɗa. A shafi na tara ɗaliban sun fassara sunan wannan matsala da jimla mai kyau, mai bin nahawu, wadda babu mace ɗaya da za ta furta ta a ɗakin awo.

A nan kuskuren ya fito fili, kuma ya girmi maganar layi ɗaya. Littafin yana amsa tambayar wanda ya san cutar yana neman sunanta da Hausa. Ungozoma kuwa a ɗaya gefen take tsaye: magana ce ke zo mata, a sakaye, a gutsure, sau da yawa ma daga bakin wani, ita ce za ta gano cutar a ciki. Mai cikin fari ba ta cewa tana naƙuda, kunya ta hana. Uwar miji ce za ta ce «tana kan gwiwa», ko ta ce «bayanta ne ya ɗan motsa» alhali an kwana biyu ana abu ɗaya. Mai jijjiga, wadda hawan jinin ciki ya kai ta ga sanƙarewa, za a ce iska ce ta taɓa ta. Jinin biƙi kuma ana yi masa kallon ƙazantar da gara ta fita, don haka «kaɗan ne» na iya nufin kome. A littafin likita rabin lita ne iyaka. Dattijuwar ta ce ita ba ta tambayar yawa, zane take tambaya: nawa aka canza, kuma ya jiƙe har ana iya matsewa? Taken ƙamus ɗin Mijinguini kansa cewa ya yi «na Hausa zuwa Faransanci». Ɗaliban sun yi wata huɗu da shi a hannu ba su lura da inda ya fuskanta ba.

Wannan ba ciwon ɗalibai huɗu ba ne kawai. Tun da kundin tsarin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar keɓaɓɓun kalmomi za ta ƙaru a lafiya da shari'a da noma, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko jerin Faransanci a zauna a ofis a cike gurbi. Aikin yana da kyan gani a takarda. Yana kuma ba mai yinsa jin cewa ya yi wa harshe hidima, wanda shi ne ya sa yake da wuyar tuhuma.

Bayan azahar ɗalibar ta kwashe littattafan daga tebur, ta buɗe kayenta, ta rubuta a kwali da manyan baƙaƙe: «Me mata ke ce muku?» Rumfar da ta yini babu kowa sai ga ta cike. Ungozomomi suna ƙwace alƙalami daga hannun juna, wannan ta ce a garinsu ba haka ake faɗa ba, waccan ta ce ai wannan maganar tsofaffi ce. An yi dariya a kan sunayen da mata ke ba al'aura don kada su ambace ta. An yi musu mai zafi a kan kalmar ungozoma ita kanta, domin wasu ba sa son a haɗa su suna ɗaya da tsohuwar unguwa wadda a al'ada aikinta yanke cibi ne da wankan jariri da binne mabiyiya, su da suka yi shekara uku a makarantar kiwon lafiya. Ba a daidaita ba.

Cikin cunkoson akwai wata matashiya da ba ta rubuta kome ba. Bazabarma ce daga Yamai, wata biyar ke nan da aka turo ta wata likita a ƙasar Gobir, Hausarta ta kasuwa ce da gaisuwa. Ta jira aka watse, ta fiddo littafin daga jakarta, har ta riga ta ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi.

«Yaya, ni wannan nake ta nema tun da na zo. In haddace shi ke nan?»

Ɗalibar ta karɓi littafin, ta buɗe shafi na bakwai, ta soke mahaifa a gaban placenta, ta rubuta mabiyiya, ta ƙara a gefe: «tambayi: wadda ake binnewa?» A bangon baya ta rubuta zaƙi da bayaninsa cikin Faransanci, layi uku. Sannan ta zauna ta yi wa kwafin da suka rage wannan gyara ɗaya bayan ɗaya, guda talatin da takwas. Ta ɗauki alƙalaminta ta shiga zaure, ta bi layin kujeru tana roƙon a ba ta littafin minti ɗaya, ta samu goma sha ɗaya. Sauran hamsin suna cikin jakunkunan matan da suka fita tun la'asar don kada motar garinsu ta tashi ta bar su.