Ɗan Ƙasa da Baƙo

A Titiru, wata unguwa ta Faraku, akwai wani dattijo Bahaushe mai ɗan fili. Kakanninsa fatake ne, masu bin hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta Nikki da Faraku da Jugu. A zango aka haifi ubansa, a nan kuma aka binne shi. Amma ran da gardama ta tashi a kan iyakar filin, sai wani saurayi ya ce masa, “Baba, ai ku baƙi ne.” Dattijo bai amsa ba. Ya koma gida, ya kasa cin tuwo.

Saurayin nan ba shi ya fara maganar ba. Bayan Mathieu Kereku ya karɓi mulki a 1972, gwamnatinsa ta ture sarakuna gefe. A Fabrairu 1990 aka yi taron ƙasa a Kwatano, Bishop Isidore de Souza yana shugabanta. Daga nan sarakuna suka soma ɗaga kai, kakaki kuma ya ƙara tashi a bikin Gani na Nikki. A 2019 tsarin mulki ya amince da sarautar gargajiya, a 2025 kuma aka yi mata doka ta musamman.

Wannan abin murna ne. Mutanen da Faransa ta raina, juyin mulki kuma ya tsoratar, sun sami bakin magana. Sai dai wanda aka daɗe ana dannewa, in ya tashi, yakan manta da zafin danniya.

Littafin Farawa ya nuna yadda Ibrahim, yana baƙo a Hebron, ya nemi wurin binne Saratu. Ya rusuna wa Hittiyawa, ya biya shekel 400 na azurfa a gaban shaidu. Bai ƙwace ba, su ma ba su hana shi ba. Kirista da Musulmi duk suna kiran baƙon nan ubansu.

Dattijon Titiru ya ɗauki takardarsa da goro, ya je wurin dattawan unguwa. Suka taka iyakar tare, suka nuna kukar da ubansa ya yi alama da ita. Saurayin ya durƙusa ya ce, “Baba, a gafarce ni.” Ƙarfin ɗan ƙasa yana da kyau, muddin baƙo yana barci lafiya a inuwarsa.