Falken Da Ya Tambayi Likita Batun Sujada

A unguwar Sabo ta Shagamu akwai wani dattijo, tsohon falken goro, wanda ciwon gwiwa ya zaunar. Mutumin da ya shekara arba'in yana kai da kawowa tsakanin Kurmi da Arewa, sai ga shi tafiya masallaci ta gagare shi in bai huta sau biyu ba. An yi ƙaho, an shafa man zafi, har allurar da ake yi a cikin gaɓa an yi masa. Ciwon ya lafa wata uku, ya komo.

Sa'ad da 'ya'yansa suka kai shi wurin likitan ƙashi a Ikko, aka ɗauki hoto, sai likita ya nuna masa guringuntsin gaɓar duk ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi kamar dutsen niƙa ba hatsi. Ya ce da a ce gefe ɗaya kaɗai ya lalace, da sai a sauya wannan gefen, ko kuwa, ga mai sauran ƙuruciya, a yanka ƙashin ƙwauri a miƙe shi domin nauyi ya koma gefen da ke da lafiya. Amma tasa ta wuce nan, sai sauyin gwiwa gaba ɗaya.

Sunan ne ya fi aikin ban tsoro. Ba a cire gwiwa, watau bakin ƙasusuwan ake ferewa a sa musu murfin ƙarfe, a sanya roba mai tauri a tsakani. Tun 1974 wani likita a Amurka, John Insall, da abokan aikinsa suka fito da samfurin da ake bin sawunsa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna wajen 82 cikin 100 na irin gwiwoyin nan suna kai shekara 25. Likitan bai ɓoye sauran ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo, ƙwayar cuta tana iya shiga, jini yana iya daskarewa a jijiya, ga kuɗin ba na wasa ba.

Dattijo ya saurara har aka gama, sa'an nan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Likita, goshina zai sāke taɓa ƙasa?"

"Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Gwiwar takan lanƙwasu kamar digiri 120, zaman tahiya kuwa ya fi haka. Wasu suna durƙusawa, da yawa ba sa jin daɗinsa."

Lalle wannan amsa ta fi daɗin baki amfani. Dattijo ya yi wata biyu yana juya ta, har ya ga cewa kujerar da yake gudu tuni yana kanta, rashin barci da zaman ɗaka su ne ƙari. Ya yarda aka yi.

Kashegarin aikin aka tsai da shi da ƙarfen dogarawa. Makonnin motsa gaɓa da suka biyo baya, in ji shi, sun fi wuƙar zafi, har ya yi fushi da ma'aikaciyar da ke lanƙwasa masa ƙafa, daga baya ya aika mata da ƙwarya guda ta goro.

Yanzu yana salla a kan kujera, a gefen sahun farko. Da asuba shi yake riga ladan isa ƙofar masallaci, sandarsa kuwa jikoki sun mai da ita doki.