Neman Wurin Kallon Faɗuwar Rana Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Dala

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su da tsauni. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce tun daga Titin Zariya har zuwa Titin Maiduguri, kuma duk abin da ya ɗaga kai sama a wannan yanki, hannun ɗan Adam ne ya ɗaga shi: benaye, hasumiyoyin masallatai, tankunan ruwa da turakun kamfanonin waya. Saboda haka mazaunin waɗannan unguwanni ba ya ganin faɗuwar rana. Abin da yake gani shi ne ɓuyarta. Da la'asar ta yi sakaliya sai ta shige bayan wani bene, inuwa ta mamaye layi, daga nan kuma sai kiran sallar magariba. Na yi shekaru ina zaune a wannan yanki, kuma da a ce an tambaye ni inda rana take taɓa ƙasa, iyakar abin da zan iya nunawa shi ne katangar maƙwabcinmu ta yamma.

A wasu ƙasashe kallon faɗuwar rana sana'a ce mai zaman kanta. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, masu yawon buɗe ido kan yi cincirindo a garin Oia da ke bakin wani dogon gaɓar dutse, su jira rana ta nutse a teku, wasu har tafi suke yi mata. A Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya akwai mashayu da aka maƙala a jikin duwatsu ta bayan ganuwar birnin, haka kuma a Uluwatu da ke tsibirin Bali na Indunisiya. Matafiyin da ya zo shi kaɗai yakan sayi abin sha, ya sami kujera mai fuskantar yamma, ba wanda zai tambaye shi abin da yake jira. Mashaya irin wannan ba ta da gurbi a Kano, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ni ma ba ita nake wa kwaɗayi ba. Kujerar ce ta tsaya mini a rai. A birni mai miliyoyin mutane, ina ne mutum guda zai zauna ya fuskanci yamma na rabin sa'a, ba tare da ya bayar da dalili ba?

Na fara neman amsar a kusa da gida. Wuri mafi tudu da kowa ke iya hawa a yankinmu shi ne gadar Dangi, inda Titin Zariya ya haɗu da Titin Gidan Zu. Wanda ya bi ta kanta a adaidaita sahu da yamma zai sami 'yan daƙiƙu da sararin samaniya zai buɗe masa gaba ɗaya, sannan gada ta sauke shi cikin hayaƙi da ƙarar hon. An gina ta ne domin ababen hawa, kuma mai tsayawa a kanta yana kallon sama zai tara jama'a kafin ya gama kallon. Saura rufin bene. Shi ma yana da nasa sharaɗin, domin gidan Bahaushe buɗaɗɗen tsakar gida gare shi, a nan mata ke girki da wanki da hutawa ba tare da mayafi ba. Namijin da ya hau bene ya tsaya, ko da idonsa na kan gajimare, ya shiga haƙƙin gidaje huɗu ko biyar a lokaci guda. A wurinmu tudu yana tafe da nauyin kare mutuncin maƙwabci, kuma ina ganin wannan nauyi daidai ne. Sai dai sakamakonsa shi ne, mai son ganin yamma dole ya bar unguwa.

Da haka na koma hawa Dala. Daga Gyaɗi-Gyaɗi tafiya ce ta ratsa gari: ka bi Titin Zariya, ka shiga ta Ƙofar Nasarawa, ka kutsa lungunan cikin birni har zuwa arewa maso yammacinsa. Tsayin dutsen mita 534 ne daga doron teku, amma da yake Kano kanta a kan tudu take, abin da ya ɗara gari da shi bai kai mita ɗari ba. Matakalar siminti ce ke kai mutum sama, kuma mai lafiya ba ya buƙatar fiye da 'yan mintuna. Duk da wannan ƙanƙanta, a nan tarihin birnin ya faro. Masu binciken kufai sun sami shaidar narkar da tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a 999. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, daga kan Dala ya zana hoton birnin da ya shiga littafinsa. Fatake kuwa sun bar mana karin magana, hangen Dala ba shiga birni ba, saboda ayari kan hango dutsen tun da sauran tafiya mai nisa a gabansa.

Daga sama, abu na farko da ke kama ido shi ne yawan kwanon rufi. Ya shimfiɗu ta kowace fuska, tsoho mai tsatsa da sabo mai sheƙi, har inda hazo ya yanke gani. Ta kudu maso gabas ana hango koriyar ƙubbar Babban Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa kusa da Gidan Rumfa. Ta yamma kuma Goron Dutse ne tsaye, kuma ta wannan ɓangaren rana ke sauka. Unguwarmu tana can nesa bayan ganuwa, ba na iya ware ta daga sauran. Wannan ya kan sanyaya mini jiki. Layin da nake ganin shi ne duniya, da rigingimunsa na kwata da kuɗin gyaran taransfoma, ko alamarsa babu daga nan.

Faɗuwar rana a Kano iri biyu ce. Da hunturu, iskar arewa maso gabas na ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta rataye ta a sama. A irin wannan lokaci rana ba ta kaiwa ƙasa. Takan rikiɗe ta zama faifai fari ko ruwan goro, wanda ido ke iya kallo ba ƙyaftawa, sannan ta narke cikin hazo tun da sauran tazara tsakaninta da doron ƙasa. Da damina kuwa, idan ruwa ya wanke sama, gajimare kan kama ja da ruwan zinare. Dalilin jan sananne ne: idan rana ta yi ƙasa, haskenta kan ratsa iska mai kauri kafin ya iso ido, sai shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, ja ya tsira. Kano na kan kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana kan faɗi kusan a miƙe, almuru kuma gajere ne. A Nuwamba takan faɗi wajen ƙarfe 6, a Yuli kuma dab da ƙarfe 7. Cikin mintuna ashirin da 'yan kai shafaƙi ya fara dusashewa, duhu ya kawo jiki.

Wahalar wannan tafiya ba a matakala take ba. Tana cikin tambayar da ke biyo mutum: "Malam, lafiya?" Yara ne ke fara yin ta, sannan samarin da ke zaune a gefe, wani lokaci har dattijon da ya ga ka nufi dutse kai kaɗai da yamma. Tambaya ce ta kulawa, domin mun tashi a kan cewa mutum rahama ne. Abinci a kwano ɗaya ake ci, hira a majalisa ake yi, kuma wanda ya ware kansa ana ɗauka ko damuwa ce ta yi masa yawa, ko wani abu yake ƙullawa. Lokacin ma bai taimaka ba. Almuru sa'a ce da iyaye mata ke kiran yara su shigo gida, ana rufe ƙofofi, ana gudun iskokai. Wurin kansa yana da tarihi: mutumin da birnin ya fi tunawa da zama shi kaɗai a kan Dala shi ne Barbushe, wanda aka ce ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Mai hawa Dala shi kaɗai da almuru ya haɗa abubuwa uku da kowannensu ke jawo zargi.

Amma al'adarmu ta san wani kaɗaicin mai daraja. Malaman ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, waɗanda Kano ta zama cibiyarsu, sun san halwa, wato keɓewar bawa domin ambaton Ubangijinsa. Addini ya yi kira ga tafakkuri cikin halittar sammai da ƙasa da sauyawar dare da rana. Ba na da'awar cewa zamana a kan dutse halwa ce. Abin da na sani shi ne, mutumin da yake yini cikin mutane, ya kwana cikin mutane, akwai maganganun da ba zai taɓa yi da kansa ba. Akwai shawarar da na daɗe ina jujjuyawa a kan wani ɗan'uwa da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda rabon gado. A majalisa kowa ya ba ni ra'ayinsa, kuma kowane ra'ayi ƙara mini zafi ya yi. A kan Dala, inda babu mai zuga ni, na ga girman gidan da muke faɗa a kai idan aka jera shi da dubban rufin da ke gabana. Cikin makon na je na same shi.

Sannan akwai abin da babu wata mashayar bakin teku da za ta iya sayarwa. Da rana ta ɓace, sai ladani guda ya ɗaga murya daga wani lungu, wani ya karɓa daga can, kafin minti ɗaya ɗaruruwan masallatai sun haɗu, kira na hawa kan kira daga kowace kusurwa. A ƙasa mutum ladaninsa kawai yake ji, da wataƙila biyu na kusa. A sama birnin gaba ɗaya yake ji. Kuma wannan kira shi ne iyakar kallon. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zaɓaɓɓen lokacin magariba ƙunci gare shi, ba ya jiran mai jan ƙafa. Baƙon Santorini zai iya ƙara kofi na biyu ya zauna har taurari su fito. Mai kallo a Dala dole ya tattara takalmansa ya gangara, ya nemi buta a masallacin farko da ya tarar, ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da mutanen da bai sani ba. Kaɗaicin yana da wa'adi, kuma ina ganin wa'adin ne ya sa ba ya cutarwa.

Sai dai wannan ɗan jin daɗi ba kowa ke samunsa ba. Ni namiji ne, tambaya kawai ake yi mini. Macen da ta hau dutsen ita kaɗai da yamma, abin da za ta ji ya wuce tambaya. Tsoron masu ƙwacen waya ya sa mutane da yawa ba sa yarda duhu ya same su a lungun da ba nasu ba. Dutsen kansa yana zaizayewa duk damina, gidaje sun matse shi har gindinsa, shara kuma ta sami wurin zama a sassansa. Abin da wurin ke buƙata ba mai tsada ba ne: benci, fitila, maigadi, tsabtataccen wurin alwala da sallah a sama, da mai shayi da zai kafa teburinsa. Amma idan aka kewaye shi aka sa kuɗin shiga da ya fi ƙarfin yaran Dala da ke wasa a kansa tun kakanninsu, an ƙwace musu abin da yake nasu domin a sayar wa irina.

Yaran Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuwa suna tasowa a unguwannin da filayensu suka zama shaguna, kuma benaye na ƙara tsawo kowace shekara. Da yawansu sun ga faɗuwar ranar Bali a waya, ba su taɓa ganin ta garinsu ba, alhali kuɗin adaidaita sahu ne kawai tsakaninsu da ita. Malamin firamare ko na Islamiyya da zai kwashi ɗalibansa wata Asabar bayan la'asar ya kai su kan Dala, ya nuna musu Goron Dutse da ƙubbar masallaci da inda unguwarsu ta ɓace cikin hazo, ya bar su su yi shiru na minti biyar kafin ladani ya kira, ya koya musu tarihi da labarin ƙasa da tauhidi a zama ɗaya. Wataƙila a cikinsu a sami wanda, idan ya girma duniya ta matse shi, zai tuna cewa akwai matakala a arewa maso yammacin birni.